Zanen Aro: Tarihin Tashi da Faɗuwar Masana'antar Fijo ta Kaduna

Gabatarwa

Akwai kayayyakin da Bahaushe ya karɓa daga hannun baƙi, ya yi ta ma'amala da su har ya manta da baƙuncinsu, ya raɗa musu suna da bakinsa, ya shigar da su cikin hirarsa ta yau da kullum. Keke da agogo da rediyo duk ta wannan hanya suka biyo. A cikin motoci kuwa babu wadda ta sami irin wannan karɓuwa kamar Peugeot, wadda harshenmu ya sassauta ya mayar da ita Fijo. Kusan shekara talatin aka yi a Arewacin Nijeriya, idan aka ce mota ba tare da wani ƙarin bayani ba, to Fijo ake nufi. Ita ce motar gwamna, ita ce ta hakimi, ita ce ta malamin da ya karɓi bashin mota a wurin aiki, kuma ita ce a-kori-kurar da ke kwaso doya daga ƙauyukan Shiroro zuwa kasuwar Gwada a nan Jihar Neja. Daɗin daɗawa, a Kaduna ake harhaɗa ta, da hannun 'ya'yanmu.

A wannan maƙala za mu bi tarihin masana'antar da ta riƙa fito da wannan mota, tun daga kafuwarta har zuwa durƙushewarta. Abin da muke son nunawa shi ne, ba motocin Kwatano ne suka kayar da ita ba, ba kuma faɗuwar darajar naira kaɗai ba, kamar yadda aka saba faɗa. Waɗannan duk sun tarar da ita ne da rauninta, wanda aka gina ta da shi tun ranar farko. Domin mai karatu ya ga wannan rauni sosai, za mu fara da labarin wani maƙerin mota na Amurka wanda ya faɗi ta wata fuska dabam, sa'an nan mu dawo gida.

Tucker: Mai Basira Ba Ƙarfe

Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, mutanen Amurka suna cikin ƙishirwar sababbin motoci, domin kuwa tun 1942 manyan kamfanoninsu uku, wato General Motors da Ford da Chrysler, suka bar ƙera motocin hawa suka koma ƙera kayan yaƙi. A cikin wannan hali ne wani mutum mai suna Preston Tucker, wanda ba ya ƙarƙashin ko ɗaya daga cikin manyan nan, ya karɓi hayar wata makekiyar masana'anta a birnin Shikago, ya fito da motar da aka sani da Tucker 48. Motar ta zo da abubuwan da ba a saba gani ba. Injinta a baya yake, kuma asalinsa injin jirgi mai saukar ungulu ne aka gyara. Tana da fitila ta uku a tsakiyar goshinta wadda ke juyawa tare da sitiyari idan za a sha kwana. An lulluɓe gaban direba da abu mai taushi, gilashin gaba kuma an yi shi yadda zai fice waje idan an yi karo, don kada ya yanki na ciki.

Duk da wannan hikima, motoci 51 kacal kamfanin ya ƙera. Ƙarfe ya yi ƙaranci a kasuwa a waɗannan shekaru, Tucker ya nemi sayen masana'antar narka ƙarfe daga hannun gwamnati bai samu ba. Jarinsa bai kai girman burinsa ba, hanyoyin da ya bi na tara kuɗi daga dillalai da masu son sayen motar kuma suka jawo masa binciken hukuma. Aka gurfanar da shi gaban shari'a a 1949 bisa zargin zamba, kotu ta wanke shi a watan Janairu na 1950, amma kafin nan masana'antar ta riga ta rufe. Ya rasu a 1956.

Abin lura a nan shi ne, Tucker shi ke da zanen motarsa, shi ke da tunanin da ya haife ta. Abin da ya rasa shi ne kuɗi da ƙarfe da goyon bayan hukuma. Mu riƙe wannan a zuciya, domin labarin Kaduna kusan kishiyarsa ne.

Kafuwar Masana'antar Kaduna

Fijo ba baƙuwa ba ce a Nijeriya tun kafin a gina mata gida. Tun ƙarshen shekarun 1950 ake shigo da samfurin 403, daga baya kuma 404, waɗanda suka yi suna wajen jure wa gargada da ƙura. Bayan yaƙin basasa, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ɗauki manufar rage shigo da kaya daga waje ta hanyar yin su a gida, kamar yadda ƙasashe masu tasowa da dama suke yi a wannan zamani. Aka zaɓi kamfanin Peugeot na Faransa a 1971, aka yi rajistar kamfanin haɗin gwiwa mai suna Peugeot Automobile Nigeria, wanda aka fi sani da PAN, a watan Disamba na 1972. Faransawa suka riƙe kashi 40 cikin ɗari na hannun jari, Gwamnatin Tarayya kashi 35, saura kuma aka raba tsakanin gwamnatin jiha da wasu masu zuba jari na gida. A watan Maris na 1975 Janar Gowon ya buɗe masana'antar a unguwar Kakuri, inda masaƙar Kaduna ta riga ta kafu tun 1957.

Ba ita kaɗai aka kafa ba. A wannan shekara ta 1975 masana'antar Volkswagen ta fara aiki a Legas. Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980 aka ƙara guda huɗu na manyan motoci: Steyr a Bauchi, da ta motocin Fiat a Kano, da Leyland a Ibadan, da ta Mercedes a Inugu. A 1982 ma an ƙulla yarjejeniyar kafa wasu biyar na ƙananan motocin ɗaukar kaya, cikinsu har da ta Nissan a nan Minna, da ta Peugeot a Gusau, da ta Isuzu a Maiduguri. Waɗannan biyar ba su wuce takarda ba, domin kafin a aza tubali ruwa ya riga ya ƙare wa ɗan kada.

Zamanin Ganiya

Masana'antar Kaduna ta buɗe ido ne a cikin daula. Farashin ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu tsakanin 1973 da 1974, kuɗi suka malalo cikin baitulmali. Ƙarin albashin nan na Udoji, wanda aka biya tare da ariyas a farkon 1975, ya sa ma'aikacin da jiya yake kan keke yau yake tambayar farashin mota. Ga kuma bashin mota da ake ba ma'aikatan gwamnati. Bugu da ƙari, bayan kisan Janar Murtala Muhammad a ranar 13 ga Fabrairu, 1976, gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ɗauki aƙidar rage almubazzaranci, ta mayar da Fijo 504 motar aikin gwamnati tun daga kan shugaban ƙasa har ƙasa. Ke nan kasuwa ta samu tun kafin a neme ta.

Ita ma motar ta cancanci yabo. An fito da 504 a Faransa a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai ta 1969, sa'an nan a 1975 ta ci gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka, wadda ake yi cikin taɓo da duwatsu. Cikinta a ɗage yake daga ƙasa, ƙafafunta suna shanye gargada, injinta kuma ba shi da wani surkulle. Bakaniken bakin titi, da sifana da sukudireba da ɗan kwanon fetur, yana iya kwance kafiretonta ya wanke ya mayar kafin direba ya gama cin abinci. Saboda haka ne ta dace da hanyoyi irin na Minna zuwa Gwada da Kuta, inda a ranar kasuwa a-kori-kura ke ɗaukar doyar manoman Gbagyi fiye da abin da maƙeranta suka taɓa tsammani, mai wagon kuma ya cika fasinja layi uku ya kama hanyar Kaduna.

Akwai wani abu da ya faru a waɗannan shekaru wanda ya isa ya nuna mana irin wadatar da ake ciki da kuma irin ginin da aka yi. A 1975 tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe da ɗaruruwan jirage maƙare da siminti, har jirgi yakan yi watanni bai sami wurin sauke kaya ba. Domin kada aiki ya tsaya a Kakuri, sai aka koma ɗauko sassan motoci ta sama. Jiragen dakon kaya na kamfanin UTA suka riƙa jigila daga birnin Liyon na Faransa zuwa Kano, ana ƙarasawa da kayan Kaduna. An yi shekaru ana wannan jigila. A lokacin abin alfahari ne, ana ganinsa a matsayin shaidar ƙarfin arzikin ƙasa. Amma wanda ya duba da idon basira zai ga masana'anta ce wadda numfashinta yake zuwa daga wata nahiya a kowane mako.

A farkon shekarun 1980 masana'antar ta kai ƙololuwa, tana fitar da motoci kusan 60,000 a shekara, tana da dubban ma'aikata, an kuma ƙara samfurin 505. Kakuri da Makera da Nasarawa suka cika da ma'aikatan masaƙu da na Fijo daga kowane lungu na ƙasar nan. Mai gidan haya da mai sayar da abinci da tela duk sun shaida ƙarshen wata.

Abin da Ke Ƙarƙashin Fenti

Yanzu sai mu tambayi kanmu, me ake yi a Kakuri? Ana karɓar mota a wargaje cikin akwatuna, a yi waldar bodi, a yi fenti, a ɗora inji da giya, a sa kujeru da gilasai da tayoyi, a gwada ta, a fitar. Wannan aiki ne na gaske, mai bukatar ƙwarewa, kuma 'yan Nijeriya sun ƙware a kansa. Sai dai harhaɗawa dabam, ƙira dabam. Zanen motar na Faransa ne. Inji da giya, waɗanda su ne zuciyar mota, daga can suke zuwa. Abubuwan da aka riƙa samu a gida su ne irin su taya da batir da fenti da kujeru da gilashi da salansa, kuma da yawa daga cikin masu yin waɗannan ma daga waje suke sayo kayan haɗinsu. Yarjejeniyar farko ta yi burin a riƙa ƙara kayan gida shekara bayan shekara har mota ta zama tamu, amma kason gida bai taɓa kai rabi ba.

Babban dalili shi ne ƙarfe. Bodin mota da fallen ƙarfe ake yin sa, Nijeriya kuwa ba ta yin irinsa. An fara gina masana'antar Ajakuta tare da Tarayyar Sobiyat a ƙarshen shekarun 1970, amma zangonta na farko an tsara shi ne don rodi da dogayen ƙarafa na gini, aka bar falle sai zango na gaba, kuma har yau babban murhunta bai narka tama ba. Masana'antun murza ƙarfe na Katsina da Jos da Oshogbo su ma rodi da waya aka gina su su yi. Ashe matsalar da ta kayar da Tucker a Shikago tana nan kwance a ƙarƙashin Kakuri, sai dai kuɗin mai sun rufe ta. A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya da rabi daraja, don haka sayo kowane ƙusa daga Faransa ya fi sauƙi a kan wahalar koyon yin sa a gida. Shi kuwa abokin haɗin gwiwa, ribarsa tana cikin akwatunan da yake sayar mana ne, ba mu da dalilin tsammanin shi zai matsa mana mu daina saye. Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Faɗuwa

Daga 1981 farashin mai ya fara sauka. A watan Afrilu na 1982 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu, shigo da kaya ya koma sai da lasisi, kuɗin waje suka yi wuya. Masana'antar da ba ta iya fitar da mota ɗaya sai akwati ya iso ta fara tsayawa tana tashi, ana sallamar ma'aikata hutun dole. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP, aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da ba ta kai naira ɗaya ba a 1985 ta kai kimanin naira 4 a 1987, ta kai kimanin naira 22 a farashin gwamnati a 1993. Tun da yawancin abin da ke jikin motar da kuɗin waje ake sayensa, farashinta ya bi dala sau da ƙafa, albashi kuwa ya tsaya inda yake. Malamin jami'ar da ya sayi sabuwar 504 da bashin ofis a 1979 ya wayi gari sayen tayoyinta huɗu ya zama abin shawara.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsofaffin motocin Turai, waɗanda muke kira 'yan Kwatano ko Baljiyam, suka fara kwararowa ta tashar Kwatano da kan iyakokin ƙasa, wasu ta hanya wasu ta bayan fage. Motocin Japan, musamman Toyota da Honda da Nissan, suka nuna ba su shan mai kamar Fijo, kuma sun fi ta sababbin kayan jin daɗi. A nan ne rashin mallakar zane ya fito fili. An daina yin 504 ta hawa a Faransa tun 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har 2006, wato mota mai zanen 1968 tana gogayya da motocin da aka zana shekara talatin bayanta. A shekarun 1990 abin da masana'antar ke fitarwa ya faɗo ƙasa da motoci 10,000 a shekara. An kawo 306 da 406, an kuma karɓi 406 hannu bibbiyu, amma yawancin masu sayenta ofisoshin gwamnati ne da manyan kamfanoni.

Wannan ginshiƙi na ƙarshe ma ya girgiza. A 2003 gwamnatin Obasanjo, wanda a zamanin mulkinsa na soja ya ɗaukaka 504, ta ɗauki tsarin biyan ma'aikata kuɗi a maimakon saya musu motoci da gidaje. Masu yin taya suka bi sahu: Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya rufe tasa ta Legas a 2008. Maƙwabtan Fijo a Kakuri, wato masaƙu, su ma a waɗannan shekaru suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Daga Hannu Zuwa Hannu

A 2006 gwamnati ta sayar da mafi rinjayen hannun jarin kamfanin ga ASD Motors na Alhaji Sani Dauda. Bashin banki ya yi wa kamfanin katutu, har a 2012 hukumar AMCON, wadda aka kafa don karɓar basussukan da suka gagari bankuna, ta karɓe shi. A 2020 ta sayar da shi ga kamfanin Nesbitt. Sunan Peugeot kuwa ya koma wani gida: a 2022 wani sabon kamfanin haɗin gwiwa da ya ƙunshi rukunin Dangote ya fara harhaɗa motocin Peugeot a wata sabuwar masana'anta a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja. Manufar gwamnati ma ba ta zauna wuri ɗaya ba. A 2013 an tsara ɗora haraji mai nauyi, wanda ya kai kashi 70 cikin ɗari, a kan motocin hawa da aka shigo da su a haɗe, don a kare masu harhaɗawa a gida. Dokar kuɗi ta 2020 kuma ta zo ta zaftare wani babban ɓangare na harajin. Mai son kafa masana'antar da ba za ta mayar da jari ba sai bayan shekara ashirin, da wuya ya saki kuɗinsa a inda doka ke sauyawa kafin shekara goma.

Darasi Daga Koriya

Kada mai karatu ya ɗauka cewa duk wanda ya fara da harhaɗa motar wani haka zai ƙare. Kamfanin Hyundai na Koriya ta Kudu da harhaɗa Ford Cortina ya fara a 1968. Amma masu shi sun ƙi zama 'yan harhaɗawa har abada. Suka ɗauko injiniyoyi daga Ingila, suka biya wani Ba'italiye ya zana musu bodi, suka sayi fasahar inji daga Mitsubishi, suka fito da motarsu mai suna Pony a ƙarshen 1975, wato shekarar da aka buɗe Kakuri. Su ma aro suka yi, sai dai sun yi aron ne da niyyar koyo, sunan mota da ikon sauya ta suna hannunsu. Ƙasarsu ta riga ta fara narka ƙarfenta a masana'antar Pohang tun 1973, gwamnati kuma ta tsare musu kasuwar gida tare da matsa musu su fita waje su yi gogayya. A 1991 suka ƙera injinsu na kansu. A yau Hyundai tare da Kia suna cikin manyan masu ƙera motoci na duniya, motocinsu kuma suna yawo a titunan Minna da Kaduna.

Kammalawa

Mun ga yadda Tucker ya mallaki basira ya rasa ƙarfe da kuɗi, ya ƙera motoci 51 ya rufe. Mun ga yadda Kaduna ta sami kuɗi da kasuwa da goyon bayan hukuma, ta fitar da dubban ɗaruruwan motoci, amma zane da inji da ƙarfe duk na wasu ne, don haka ranar da kuɗin waje suka yanke ba ta da abin da za ta dogara da shi. Shekarun wadata, daga 1975 zuwa 1981, su ne lokacin da ya kamata a sayi ilimin, sai aka sayi akwatuna.

Duk da haka ba za mu ce an tashi a tutar babu ba. Ilimin da ya zauna a ƙasar nan ya zauna ne a hannun kanikawa da masu walda da maƙeran kasuwar Panteka ta Kaduna, waɗanda suka riƙa raya tsofaffin Fijo shekaru bayan an daina yin su, suna ƙera abin da ya ɓace a kasuwa. A Kudu ma, garin Nnewi da ya fara da cinikin kayan gyara ya kai ga yin wasu daga cikinsu, har kamfanin Innoson ya buɗe masana'antar motoci a can a 2010. Waɗannan mutane ba a taɓa haɗa su da jami'o'inmu da kwalejojinmu na fasaha ta hanyar da za ta haifar da zane namu na kanmu ba. Ga ɗalibanmu kuwa, ko da ba injiniyanci suke karantawa ba, tambayar da wannan tarihi ya bar musu ta shafe su: a duk lokacin da aka buɗe wata sabuwar masana'anta aka ce an fara yin abu kaza a gida, su tambaya wa ke da zanen, daga ina ƙarfen yake zuwa, kuma 'ya'yan wa ake koya wa yin injin.